Danshin Daɓe: Abin da Ɗakin Wata Tsohuwa Ya Koya Mana

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan sa-kai na kwamitin gyaran ɗakuna ya yi a taron dattawan unguwa a Kumasi, cikin watan Oktoba.



 

Mu da muke tsaye a gabanku ba magina ba ne. A cikinmu akwai mai goro, akwai mai yadi, akwai direba. Abin da ya haɗa mu shi ne 'yan kuɗin da kuke jefawa a akwati ranar Juma'a, waɗanda aka ɗora mana amanar gyara ɗakunan tsofaffi da marayu da su. Maganar yau ta danshin daɓe ce, wato laimar nan da take tasowa daga ƙarƙashin siminti a tsofaffin gidajenmu. Za mu fara da kuskuren da muka yi da kuɗinku, domin ta dalilinsa muka koyi duk abin da za mu faɗa.

Bara waccan aka kai mu ɗakin wata tsohuwa a Aboabo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da jikoki uku marayu. Ɗaki ɗaya ne, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, a gidan gado irin wanda kowa ya sani. Daɓen ya farfashe, ledar ƙasa ta yayyage, in ka shiga wari ne yake fara tarbarka. Muka ce ai wannan aikin kwana uku ne. Muka sayi siminti buhu biyu, aka yi shafe siriri a kan tsohon daɓen, kaurinsa bai wuce yatsa ɗaya ba. Bayan kwana huɗu muka shimfiɗa sabuwar leda mai zanen fure, aka shafa wa bango fentin mai don ya yi ƙyalli, muka sayo katifa. Muka ɗauki hoto muka aika wa 'yan'uwa na Jamus da Amurka da suka sa hannu a aikin. Kowa ya sa albarka.

A watan Fabrairu ke nan. Cikin Yuni sai ga babban jikanta a rumfarmu, ya ce Hajiya tana kira. Muka je muka ɗaga gefen ledar, sai ga ruwa ya tsattsafo kamar gumi, ƙarƙashinta baƙi ƙirin. Shafen da muka yi, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amo kamar ƙwarya, ya rabu da na ƙasa. Fentin bango ya kumbura yana ɓarewa. Gefen katifar da ke jingine da bango ya yi fumfuna. Ƙaramin jikan kuwa tari yake ta yi, da dare ƙirjinsa yana toshewa.

Muka fara ba ta haƙuri a kan katifa. Ta ce, "'Ya'yana, ku bar zancen katifa." Ta jawo wani akwatin ƙarfe daga kusurwar ɗakin ta buɗe. Gindinsa ya yi tsatsa har ya huje. A ciki akwai likkafanin da ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali, ta wanke shi da zamzam ta ajiye. Ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ya fara ruɓewa a wurin ninki. Ba ta yi mana faɗa ba. Abin da ta ce kawai, "Lokacin tsohuwar ledar ya shekara goma a nan bai yi haka ba."

Gaskiya ta faɗa. Tsohuwar ledar yagaggiya ce, laima tana samun ta inda za ta fita ta bi iska. Mu muka zo muka toshe ƙasa da sabuwar leda, muka toshe bango da fentin mai, sai duk laimar ta taru tana fitowa ta gefe, daidai kusurwar da akwatin yake. Mun rufe ciwo ne ba mu wanke shi ba.

Daga nan muka nemi wani tsohon birkila ɗan unguwarmu, wanda ya haura shekara arba'in yana gini. Mun ɗauka zai shiga ɗaki ya duba daɓe. Ko ƙofar bai kalla ba, sai ya zagaya bayan gida muka bi shi. Ya nuna mana abu uku. Kwanon rufin ba shi da indararo, duk ruwan sama a gindin bango yake zuba. Ruwan wankan maƙwabta yana bin jikin bangon kafin ya kai kwata, har gansakuka ta yi kore a wurin. Sannan ƙasar lungun ta fi daɓen ɗakin tudu da kusan tafin hannu, saboda shekara da shekaru ana zuba ƙasa ana cike lungu, ɗaki kuwa yana nan inda aka gina shi.

Muka ce, "Baba, to amma ai siminti ne a ƙasa, ta ina ruwa yake bi?" Ya yi dariya ya ce, "Kun manta fitilar ƙwai? Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama. Wa yake kai shi?" Muka ce lagwani. Ya ce, "To siminti lagwani ne."

Wannan ita ce maganar da muke so kowa ya tafi da ita gida. Kankare yana da ƙarfi, amma cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ta cikinsu yake tsotso ruwa daga ƙasa zuwa sama. Ruwan yana tahowa da gishirin ƙasa. In ya bushe sai ya bar farin gari mai kama da kanwa a daɓe da gindin bango, shi ne yake cinye shafe yana ɓare fenti. Ginin da aka yi bisa ƙa'ida, kafin a zuba kankare ana shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa don ta yanke wannan lagwanin. Yawancin tsofaffin gidajen zango ba a sa musu ita ba, a kan ƙasa tsurarta aka zuba siminti.

Ba laifin kakanninmu ba ne. Fataucin goro ne ya kawo su daga ƙasar Hausa ta hanyar Salaga, kuma ginin da suka sani na ƙasar da rani ya fi damina tsawo ne. Daɓensu na ƙasa ne da tsakuwa, mata su taru su buga da madaɓi, a yayyafa ruwan makuba, a shimfiɗa tabarma. Irin wannan daɓen yana shan laima yana kuma sakinta, tabarma kuwa kullum ana ɗagawa a shanya. A nan Kumasi damina biyu muke yi a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan da ke sauka yana kai wajen milimita 1,400, kusan ninkin na Sakkwato. Da siminti ya zo muka ɗora shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ledar ɗaki ta zo muka lulluɓe simintin da ita. Nan matsalar ta samo asali.

Kuma abin ya wuce ɓarnar kaya. Mu mutane ne masu zaman ƙasa. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa yara suke rarrafe suna kwana, a ƙasa muke sa goshi sau biyar a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa zama a ɗaki mai laima yana ƙara tari da shesshekar numfashi, yana kuma tsananta ciwon asma. Wanda yake da mai tari a gida ya kai shi asibiti, musamman in tarin ya wuce mako biyu, amma ya duba ƙarƙashin shimfiɗarsa ma.

To yaya ake yi? Abu na farko gwaji ne, kuma bai kai kuɗin kwanon waake ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sau da yawa bai san daga ina ruwan yake ba. A naɗe ledar ɗakin a bar daɓen ya sha iska kwana ɗaya ko biyu. A yanko farar leda mai ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe, a shimfiɗa a kan simintin, a liƙe gefunanta huɗu da salatif mai faɗi yadda iska ba za ta shiga ba. A sa ɗaya a tsakiyar ɗaki, ɗaya a kusurwar da ke jikin bangon waje. A bar su kwana biyu zuwa uku. In aka ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashin ledar, ko simintin wurin ya yi duhu fiye da na gefensa, to laimar daga ƙasa take. In kuwa a saman ledar gumin ya kwanta, ƙarƙashi a bushe, to iskar ɗakin ce take da laima: mutane da yawa a ɗaki ɗaya, taga a rufe, wanki a shanye a ciki. Maganin wannan iska ne, kada a ɓata kuɗi a fasa daɓe. Wannan gwajin da damina ake yinsa, kamar yanzu. In aka bari sai hunturu ya busa, daɓe zai iya yaudararku ya nuna lafiyarsa ƙalau.

Abu na biyu, a fara da waje kafin ciki. A sa wa kwano indararo, a kai ruwan cikin duro ko kwata, ga shi kuma an samu na wanki. A gyara hanyar ruwan wanka da na wanke-wanke ta nisanci bango. A duba famfo: a rufe duk kawunan famfon gida a je a kalli mita, in tana tafiya to akwai bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Inda ƙasar waje ta fi ɗaki tudu, a kwashe ta har daɓen ɗaki ya fi ta da inci 6 in da hali. Sannan a yi dakalin siminti a gindin bango, faɗin ƙafa biyu zuwa uku, mai gangara zuwa waje, don ruwa ya riƙa gudu daga gini. Mun ga ɗakunan da wannan kaɗai ya isa, bayan wata biyu muka sake gwaji muka tarar leda a bushe. Amma a kula: gidan da bangonsa na jar ƙasa ne aka shafe da siminti, kada a haƙa gindinsa da zurfi sai magini yana tsaye, don kada a je neman gira a rasa ido.

In an gyara waje laima ba ta daina ba, sai a koma ciki. Hanya biyu ce, tsohon daɓen ne zai nuna wadda za a bi.

Idan tsohon kankaren yana da ƙarfi, bai lotsa ba, in an buga shi da guduma ba ya amon ƙwarya, to ba sai an fasa ba. A cire leda da duk wani gam ko fenti, a kankare, a share tas. A cike tsagu da ramuka da siminti, a daddaƙe duk wani tsini da zai huda leda. Sai a shimfiɗa ledar gini. Ba ledar da muke ƙulla kaya da ita a kasuwa ba, akwai ta musamman a wurin masu kayan gini, ku ce a ba ku mai geji 1000 ko 1200. Mai 1200 ɗin kaurinta milimita 0.3 ne, in ka ja ta da hannu ba ta yagewa da sauƙi. Inda falle biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya kan ɗaya da aƙalla inci 6, ƙafa guda ma ya fi, a liƙe da salatif. Gefunan kuma a tayar da su jikin bango su wuce inda sabon daɓe zai tsaya, ya zama ɗakin kamar an sa masa tire. Sai an gama aiki a yanke abin da ya yi saura.

A kan ledar ake zuba sabon daɓe, kuma a nan muka faɗi a karon farko. Kaurinsa kada ya gaza inci 2, in ya kai biyu da rabi ko uku ya fi, domin ba ya manne da na ƙasa, da ƙarfin kansa yake zaune. Siriri fashewa yake yi. Awon kwaɓi, siminti ɗaya yashi uku ko huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, ke nan kowane buhu yashi kwano shida zuwa takwas. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 a kaurin inci 2 zai ci buhu biyar zuwa shida. Mu kuwa biyu muka saya, kun ga inda arahar ta kai mu. Kada a cika ruwa. Kwaɓin da ya yi daidai, in ka damƙa a hannu zai dunƙule kamar fura, ruwa ba ya ɗiga. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin bazawa, amma shi ne yake tsagewa yana gari daga baya. In an shimfiɗa ragar waya a tsakiyar kaurin, tana rage tsagewa.

Yashi ma a duba shi. A zuba kaɗan a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Yashin zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In lakar ta yi kauri, a nemi wani. 'Yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango a Ankara da na Sekondi da za su karanta wannan, ku guji yashin bakin teku, gishirinsa yana jan laima har abada.

Wasu maimakon leda suna shafa kwalta. Akwai ta gwangwani wadda ake shafawa da buroshi ba sai an dafa ba. Ana yin shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, a haura da shi jikin bango, a yayyafa yashi a kan na ƙarshe tun yana ɗanye, sannan a zuba daɓe a kai. Tana aiki in an yi da haƙuri. A buɗe taga da ƙofa, kada a kunna wuta kusa. Narka kwalta a wuta a tsakar gidan da yara ke guje-guje kuwa, muna roƙo a bari. Inda rufi ya yi ƙasa har ba halin ƙara kauri, akwai wani shafi mai suna ifoksi, gwangwani biyu ake haɗawa a shafa a kan tsohon kankare, amma yana da tsada kuma sai wanda ya iya. Garin maganin ruwa da ake zubawa a cikin kwaɓi yana taimakawa, sai dai ba ya maye gurbin leda, domin ranar da daɓe ya tsage ruwa zai bi tsagar.

Hanya ta biyu ita ce a fasa. In tsohon kankaren ya ruɓe yana marmashewa, ko ya lotsa, ko ɗakin ya zama rami ƙasa da tsakar gida, gara a fasa shi gaba ɗaya. A cike da duwatsu da jar ƙasa a daddaƙe sosai har a kai tudun da ake so, a baza yashi inci 2 don ya zama katifar leda, a shimfiɗa ledar kamar yadda muka faɗa, sannan a zuba kankare inci 4, awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ɗaki irin wancan zai ci buhu takwas zuwa tara. Gidajen da ke gangaren rafin Aboabo, waɗanda ruwa yake ɓulɓulowa ta daɓe in an yi ruwa mai ƙarfi, leda a kan tsohon siminti ba za ta riƙe shi ba, sai an ɗaga ɗakin. In an ɗaga kuma a tuna za a rage ƙyaure, a gyara dokin ƙofa yadda tsoho ba zai yi tuntuɓe ba.

Ga wata shawara ta 'yan kasuwa. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon goro ya san na sama ba shi ne na ƙasa ba. Ledar nan da zarar siminti ya rufe ta babu mai sake ganinta. Ranar da za a shimfiɗa ta, mai ɗaki ya rufe rumfa ya zo ya zauna. Ya ga kaurinta da idonsa, ya ga an liƙe mahaɗa, ya ga an sa katako inda baro zai bi, kada shebur ko takalmi ya huda ta. In ta huje a liƙe kafin a zuba. Ba zargin magini muke yi ba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Sai maganar bango. Idan aka tare laima a daɓe, takan nemi hanya ta bango, tunda shi ma yana zaune a kan ƙasar. Yawanci ba ta wuce tsayin ƙugu, za ku ga layinta kamar an zana. Shafen da gishiri ya cinye a sassaƙe shi har a wuce layin da kamar ƙafa guda, a bar bangon ya sha iska, a sake shafe. Kada a sa fentin mai, kada a manna tayil a gindin bango don a ɓoye tabo. Yin haka laimar sama take ƙara hawa, in bangon ƙasa ne kuma yana jiƙewa a ɓoye har ya zauna. Fentin ruwa ko farar ƙasa sun fi, suna barin bango ya yi numfashi. Haka tayil a daɓe: shi kansa ba ya ruɓewa, amma in an manna shi a kan jiƙaƙƙen siminti, farin gishiri zai riƙa fitowa ta layukansa, wasu su ɗago. A sa leda da sabon daɓe tukuna, tayil ya zo a ƙarshe.

Abin da ya fi wuya a duk aikin shi ne jira. Kwana bakwai na farko sabon daɓe ruwa yake so. A rufe shi da leda ko jiƙaƙƙun buhuna don kada hunturu ya busar da shi da wuri, a nan yake samun ƙarfinsa. Bayan haka a buɗe a bar shi ya bushe. Magina suna lissafa milimita ɗaya a kowace rana, wato daɓe mai inci 2 yana neman mako bakwai kafin a rufe shi da ledar ɗaki ko kafet. Kankare mai inci 4 yana neman watanni. Ana iya komawa ɗakin bayan mako biyu a shimfiɗa tabarma ana ɗagawa da safe, amma kada a lulluɓe shi sai an sake gwajin nan an ga leda a bushe. Mu kwana huɗu muka jira. Sauri ya haifi nawa. Shi ya sa muke cewa a yi gwaji yanzu, a tara kuɗi a Nuwamba da Disamba, a yi aiki a Janairu, ɗaki ya bushe kafin ruwan Afrilu.

Mun san ba kowa ne yake da kuɗin buhu shida ba. Wanda bai samu ba, ga abin da zai yi tun yau. Ya naɗe ledar da ke rufe jiƙaƙƙen daɓe, ya koma tabarma. Ya ɗaga katifa daga ƙasa, ko a kan katakon da ake ɗora kaya a kasuwa ne. Akwati da buhun hatsi da littattafai a ɗora su a kan bulo, a janye su daga bango da faɗin tafin hannu. A buɗe taga da rana. Inda fumfuna ta kama a goge da ruwan parazon da aka sirka, taga a buɗe, kuma kada a haɗa shi da wani maganin wanke bayan gida, hayaƙinsu guba ne. Iyayenmu mata, muna roƙonku da babbar murya: kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa don a busar da laima ko a ji ɗumi. Iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

'Yan haya kuma, kafin ku kashe sidi ɗaya ku zauna da mai gida, a rubuta abin da za a yi da yadda za a cire shi daga kuɗin haya, a sa shaidu biyu. Masu gidaje, laimar da ke cin katifar ɗan haya ita ce take cin gindin bangonku. A gidan gado kuma, indararo da kwata na kowa ne, a haɗa hannu a gyara. Ruwan wankan wani ɗaki shi ne yake jiƙa ɗakin wani.

Mu koma wurin Hajiya. A Janairun bara muka sake aikin daga farko. Muka sa indararo, muka karkatar da ruwan maƙwabta da yardarsu, muka kwashe ƙasar lungu, muka yi dakali. Aka shimfiɗa leda Baba birkila yana tsaye a kai, aka zuba daɓe inci biyu da rabi. Wata maƙwabciya ta ba ta masauki ita da jikokin. Kowane mako sai ta aiko a tambaya ko an gama, mu ce tukuna, har ta ce ko mun sayar da ɗakin ne. Kuɗin da muka kashe a karo na biyu ya ninka na farko sau uku, na farkon kuwa ya tafi a banza, kuma kuɗinku ne. Muna neman afuwarku.

Yanzu ɗakin ya ga damina biyu cikakku. Makon jiya muka je muka ɗaga shimfiɗa, daɓe a bushe ƙayau. Yaron an kai shi asibiti an ba shi maganin asma, kakarsa ta ce yanzu yana kwana har asuba. Wata 'yar'uwa da ta je Umara ta kawo mata sabon likkafani, muka saya mata sabon akwati. Muka ce yanzu tana iya ajiye shi a ƙasa ba komai. Ta ce ta ji, amma a kawo mata bulo biyu.

Abin da muke roƙo uku ne. Na ɗaya, a bakin ƙofa akwai leda da salatif da muka yanka, kowane mai gida ya ɗauka ya yi gwaji a wannan makon, samarinmu za su zagayo ranar Lahadi su rubuta abin da aka gani. Za mu fara da ɗakunan da ke da tsofaffi da masu tari. Na biyu, maginan da ke cikinmu, kowa ya ba mu yini ɗaya a Janairu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, 'yan'uwanmu na ƙasashen waje, ku yi haƙuri da mu. Hoton da za mu aiko muku bana ba zai yi kyau kamar na da ba. Baƙar leda za ku gani da yashi da kwata, fenti sai daga baya, kuma ɗakunan da za mu gyara ba za su kai na da yawa ba. Mun gwammace mu yi ɗaki biyar sau ɗaya da mu yi goma sau biyu.

 Wanda yake da tambaya, Baba birkila yana nan zaune a sahun gaba, shi ya fi mu sani.